Yadda Na Rufe Bakin Allura

Sadisu, Bilkisu, wannan babin naku ne, ko da yake na san sauran yaran gidan ma za su karanta. Kun tashi kuna jin cewa aljanun janaretan soja ne suka kashe mahaifinku, Yaya Haruna, kuma mahaifiyarku Kulu ce ta tsokano su da ruwan zafi. A gidana kuka ji wannan magana, a gabana aka sha maimaita ta, ban taɓa cewa uffan ba. To ƙarya ce. Kulu ba ta da laifi ko na ƙwayar gero, kuma ni kaɗai ne a duniya na san haka tun ranar da aka rufe shi. Zan faɗa muku yadda abin ya gudana daki-daki, in kun gama ku yi mini kallon da kuka ga dama.

A shekarar da nake magana, ina da shagon gyaran lantarki a Makarfi, kuma kaina ya fi shagon girma. Ina ganin daga Makarfi har Ikara babu mai gyaran da ya isa ya riƙe mini filaya. Shi kuwa Yaya Haruna yana gida a Gazara, yana noman masara, yana da ɗan injin niƙa a rumfar da ke manne da katangar gidan. Ƙaramin janaretan da yake jan injin ya ishe shi da tari da mutuwa, sai ya ji labarin ana gwanjon tsofaffin kayan soja a Kaduna. Bai shawarci kowa ba. Bayan an gama girbi kawai sai ga babbar mota ta tsaya a ƙofar gida, an ɗauro wani abu kore a bayanta mai kama da rumbu a kwance. Majiya ƙarfi goma sha suka sauke shi da gungumen itace, suna nishi suna salati.

Ranar duk Gazara ta zo kallo. Fentinsa kalar kakin soja ne, da lamba fara a gefe, kuma a jikin ƙofarsa ta hagu akwai huji biyu da yatsa zai shiga. Kowa ya zura yatsa ya cire, kowa ya san na harsashi ne. Da na buɗe murfin da agogunansa suke, sai na ga wani ya rubuta sunaye uku da biro a ciki, ya soke biyu da layi. Na yi sauri na rufe, amma an riga an gani. Iya, mahaifiyarmu, ko leƙowa ba ta yi ba. Daga cikin gida ta aiko da cewa ita ba ta yarda da abin da ya je inda aka kashe mutane ba, don ba a san me ya biyo shi ba. Muka yi dariya ni da Yaya, dariyar da ba mu bari ta ji ba.

Ni na haɗa shi, kuma abu biyu na yi ranar da ya kamata ku riƙe. Na farko, kowane janareta ana kafa masa sandar tagulla a ƙasa, a ɗaure ta da waya zuwa jikinsa, domin in wuta ta ɓace hanya ta hau ƙarfen, sandar ta zuƙe ta zuwa ƙasa maimakon ta bi ta jikin mutum. Amma sandar ba ta aiki sosai sai ƙasar da take ciki tana da laima. Na zaga gidan na ga babu inda ya kai bayan katangar madafa danshi, domin Kulu awara take yi ta sayarwa, kuma nan take zubar da ruwan awarar kullum, da zafinsa da tsaminsa. A nan na kafa sandar. Ina cikin buga ta sai ga Kulu ta leƙo ta kan katanga. Tsakanina da ita akwai wasan ƙanin miji, ba ta kirana sai da Injiniya, kuma da gatse take faɗa.

“Injiniya, duk faɗin gidan nan ka rasa inda za ka kafa sandarka sai a magudanar ruwana?”

“Ke dai ki ci gaba da zuba ruwanki a nan, matarmu. Sauran ki bar wa masu ilimi.”

Iyakar bayanin da na yi ke nan, ga ita ko ga Yaya. Mu masu sana'a muna da wannan mugun hali, muna so a riƙa kallon aikinmu kamar siddabaru.

Abu na biyu shi ne makunni. Akwai falwayoyin wutar gwamnati a Gazara, amma shekara biyu ke nan ba a ga wuta a cikinsu ba, har tsuntsaye sun mayar da wayoyin wurin hira. Duk da haka Yaya ya ce in haɗa masa injin niƙan da layin gwamnati da na janareta, ko Allah zai sa wata rana a dawo da wuta. Irin wannan haɗi yana buƙatar makunnin da zai yanke wayoyin gwamnati duka biyun idan an koma kan janareta. Wanda ke cikin jakata guda ɗaya kawai yake yankewa. Komawa Makarfi a ɗauko na kirki ba wata tafiya ba ce, amma rana ta yi zafi, an kawo mini tuwo, na ce a raina wutar da ba ta zuwa me za ta yi. Na ɗaura wanda nake da shi, na rufe akwatin, na wanke hannu na ci tuwona.

Wata huɗu janaretan nan yana aiki kamar ba tsoho ba. Yaya bai yi boko ba, amma ya haddace agogunansa biyar kamar yadda ya san 'ya'yansa: na mai, na zafin ruwa, na cajin batir, na ƙirga awoyi, da babban na tsakiya mai nuna ƙarfin wuta. Kullum sai ya goge gilasansu da hannun rigarsa, ko an yi niƙa ko ba a yi ba. Mata daga Dandamisa da ƙauyukan gefe suka dawo niƙa wurinsa, don injin ba ya mutuwa a tsakiyar aiki. Mahaifinku mutum ne mai shiru-shiru, amma a watannin nan har waƙa yake yi a rumfa, da muryarsa marar daɗi.

Da bazara ta kankama abin ya fara. Wata rana bayan azahar, an kashe injin tun hantsi, ƙarfen ya huce, Yaya ya shiga goge gilasai kamar yadda ya saba. Sai ya ga allurar babban agogon ta ɗaga kai kaɗan daga inda take kwance, ta yi ta rawa, sannan ta koma ta kwanta. Ya ɗauka idonsa ne. Washegari ta sake yi, a kusan wannan lokacin. Sai aka lura awakin gidan, da kullum suke kwanciya a inuwar janaretan, sun ƙaura can gindin darbejiya. Jakin wani mutum da ya kawo masara ya zo daidai bakin rumfa ya kafe, aka yi ta dukansa ya ƙi taka ƙasar wurin. Wata mata ta jingina da janaretan tana jiran garinta, ta yi tsalle ta ce wani abu ya cije ta a gwiwar hannu, aka duba babu ko tururuwa. Kafin mako ya zagayo masu niƙa sun ragu da rabi, waɗanda suka zo kuma daga waje suke miƙo kwano.

Iya ta ce ita ta san za a rina. Kun san ba a zubar da ruwan zafi a ƙasa sai an yi bisimilla, saboda kada a ƙona 'ya'yan waɗanda ba a gani. Iya ta haɗa wannan da wancan ta yanke hukunci: abin da ya biyo janaretan ya sauka a bayan katanga, kuma Kulu tana ta antaya masa tafasasshen ruwa safe da yamma. Kulu ta rantse ba ta taɓa zubawa ba tare da ta ambaci sunan Allah ba, tun tana yarinya haka aka koya mata. Iya ta ce mai gaggawa ba ta sanin abin da bakinta ya tsallake. Yaya ba mai musu da uwa ba ne. Ya ce wa Kulu daga ranar kada ta ƙara zuba ko ɗigo a wurin, ta riƙa kaiwa bola a bayan gari. Haka ta koma ɗaukar bokitin ruwan zafi tana ratsa gida da shi, ke Bilkisu kina goye a bayanta. An kuma kira Malam Buhari, limamin unguwar, kuma dole in yi masa adalci. Ya yi addu'a ya shafa, sannan ya ce shi ƙarfe ya gani bai ga aljani ba, a nemo mai gyara ya duba.

Abin da ya ƙara tayar da hankalin mutane shi ne, bayan an hana zuba ruwan, allurar ba ta kwanta ba. Ƙara tashi ta yi. Da tana ɗaga kai ne kawai, yanzu tana hawa kusan kashi ɗaya cikin uku na agogon ta tsaya cak, kamar tana nuna wani. Aka ce ai sun riga sun yi fushi. A nan ne Yaya ya aiko mini.

Na iso da hantsi a kan babur, ina ta yi musu dariya tun daga ƙofar gida. Na ce kafin a kira azahar zan kamo musu aljanin in sa shi a kwalba. Na fara daga inda kowane mai gyara yake farawa. Na duba fis ɗaya bayan ɗaya, duk lafiya. Na bi wayoyin bayan agogunan ina neman inda ɓera ya ci ko inda roba ta narke ta haɗa biyu, na samu guda ɗaya da ta sassauta a agogon mai, na ɗaure ta, amma ba ita ba ce. Na kankare tsatsar kan batir. Na tayar da injin, duk agogunan biyar suka tashi daidai, na auna da mitata ta hannu, abin da ta faɗa shi agogon ya faɗa. Wato agogon ba ya ƙarya. Na kashe injin, na kwance wayoyin batir gaba ɗaya na ajiye su a ƙasa, na ce yanzu ko sauro ba shi da abin da zai ci a jikin wannan ƙarfe. Muka je muka yi azahar muka dawo, na zauna a kan buhu ina fuskantar agogon.

Kun san shirun bazara bayan azahar, lokacin da ko kaji ba sa motsi. Kwanon rumfa yana ta ƙara-ƙara saboda zafi, gumi yana bin bayana. Yaya yana tsaye a gefena, maƙwabta sun taru a bakin rumfa babu mai shigowa. Na kai kusan rabin awa ina kallo, har na fara shirya irin tsiyar da zan yi musu. Sai allurar ta motsa. A hankali ta tashi, babu rawa, babu gaggawa, ta wuce inda Yaya ya ce tana tsayawa, ta tsaya. Ga wayoyin batir a ƙasa kusa da ƙafata. Ba zan ɓoye muku ba, ni ma na tsorata, sunayen nan uku suna daidai saitin idona. Na ji wata 'yar siririyar ƙara tana fitowa daga cikin ƙarfen, irin wadda ba ka sanin kunnenka ne ko waje ne. Wani a bakin ƙofa ya fara karanta Ayatul Kursiyyu a hankali.

Da ƙyar na tuna ni mai gyara ne. Na zaro testa ta gwada wuta daga aljihu, na juya wa mutane baya, na ɗora bakinta a jikin janaretan. Ƙwan cikinta ya kawo ja. Ba sosai ba, amma ya kawo. Na mayar da ita aljihu kafin Yaya ya gani, na ce zan zaga in yi fitsari. A bayan katangar madafa na tarar da ƙasar da na sani baƙa mai danshi ta bushe ta tsattsage, har na girgiza sandar da hannu ta motsa a cikin raminta. Na ɗaga kai na dubi falwaya. Nan take na gane, ba duka ba, amma isasshe. An fara sako wutar gwamnati da rana ke nan, rarrauna wadda ba ta isa ta kunna ƙwan fitila ba, shi ya sa babu wanda ya sani. Tana bin wayar nan ɗaya da makunnina bai yanke ba, tana sulalowa har jikin janaretan. Da can ruwan Kulu ne yake sa sandar ta shanye ta. Yanzu babu mai shanye ta, tana nan a kan ƙarfen tana jiran wanda zai taɓa. Allurar nan ita kaɗai ce a gidan take faɗar gaskiya.

Abin da ya kamata in yi bai fi minti biyar ba. In hau in cire wayar gwamnati daga rumfar, in ce a kwarara ruwa a gindin sandar, in tsaya gaban mutane in ce laifina ne. Amma da na dawo, Iya ta fito har bakin zaure, abin da ba ta taɓa yi ba saboda janaretan. In na ce a zuba ruwa, na ƙaryata uwata a gaban maƙwabta. In na ambaci makunni, Injiniyan Makarfi ya zama mai aikin ha'inci, kuma a gidan yayansa. Ina wannan saƙe-saƙen sai allurar ta koma ta kwanta da kanta, na sake taɓa ƙarfen da testa a ɓoye, babu komai. Zuciyata ta ce ai ga shi ƙarama ce, cizo kawai take yi, ran kasuwa in sayo makunnin kirki in zo in canza shiru babu wanda ya sani.

Yaya ya matso kusa da ni ya rage murya. “Ɗanlami, me ka gani?”

“Agogon ne ya tsufa, Yaya. Zafin rana ke motsa shi. Bari in kwantar maka da shi.”

Na zura filaya a bayan agogon na datse wayarsa, na naɗe bakin da salatif. Ƙarar datsewar nan har yau ina jin ta a haƙorana.

Da zan tafi, Kulu ta tare ni a zaure da awara a ƙunshe, ta ce in kai wa matata. Ba ta yi mini wasa ba ranar. Ta duba bayanta, sannan ta yi magana ƙasa-ƙasa.

“Injiniya, ranar da ka kafa sandar nan ka ce in ci gaba da zuba ruwa a wurin. Akwai dalili ne?”

“Ki bi abin da Iya ta ce,” na ce da ita, na karɓi awarar na hau babur.

Na sayi makunnin ran kasuwa, wannan gaskiya ne, yana cikin jakata. Amma a ranar aka kira ni wani babban aiki a Ikara, na ce in gama shi tukuna. Labarin da ke zuwa mini daga Gazara kuma duk mai daɗi ne: allura ta kwanta, masu niƙa sun dawo, ana cewa tsohuwa ta san abin da take faɗa, ana cewa Ɗanlami ya iya aiki. Sau biyu na yi niyyar zuwa, sau biyu na ɗaga. Kwana tara na yi da makunnin nan a jaka.

Ba na nan ranar ta tara, abin da zan faɗa daga bakin Kulu da maƙwabta na ji shi. An kusa la'asar, ba a tayar da injin ba tun safe. Yaya ya yi alwala a tsakar gida, ya bar takalmansa a nan, ya ce bari ya rufe murfin janareta kafin ya wuce masallaci. Kulu tana madafa sai ta ji wata ƙara daga ɗakin Yaya. Ta leƙa ta ga fankar sama, wadda shekara biyu ba ta motsa ba, tana juyawa ita kaɗai, yanar gizo-gizo tana zubowa daga fukafukanta. Rediyon maƙwabta ya fashe da magana. A titi yara suka ɗauki ihun an kawo wuta. Ta fita da murna ta gaya masa, ta same shi a tsaye a rumfa, hannunsa a kan murfin, goshinsa jingine da ƙarfen kamar mai sauraron wani abu a ciki. Ta kira shi sau uku daga bakin ƙofa bai juyo ba. Ta taka za ta kama rigarsa ke nan, sai rediyon ya yi shiru, an ɗauke wutar. A lokacin ya sulale ya faɗi. Da wutar ta ƙara numfashi biyu, da tare aka binne su.

Janaretan a kashe yake, jikinsa da sanyi, kowa ya taɓa ya ji. A jikin Yaya kuma babu komai sai ɗan tabo a tafin hannu da wani a tafin ƙafa. Babu wanda ya haɗa mutuwarsa da zuwan wuta, don a ganinsu me ya haɗa layin gwamnati da injin da ba ya aiki. Bayani ɗaya ya rage, kuma an riga an tanade shi. Na iso aka yi jana'iza da ni, na yi kuka fiye da kowa, mutane suna cewa dubi yadda yake son ɗan'uwansa. Ranar sadakar uku, ana zaune a ƙofar gida da rana tsaka, na zame na shiga rumfa na kwance makunnin na cire wayar gwamnati. Na bi layin har falwaya na ga masu gyaran layi sun juya wayoyin biyu, wadda makunnina ya bari a haɗe ita ce ta koma mai ɗauke da wutar. Na so in ɗora musu laifin a raina, amma na san makunnin kirki ba ruwansa da wace waya ce wace. Na jefa shi a masai na dawo na zauna ana ta yi mini gaisuwa.

Abin da aka yi wa Kulu ba a yi shi da ihu ba. Iya ba ta zage ta ba, daina kallonta kawai ta yi. Mata suka daina shiga ɗakinta gaisuwar takaba. Da ta gwada komawa sana'a, awarar haka take dawowa ba a taɓa ba, wai wa zai ci abin da ruwansa ya ci maigida. Tana gama takaba 'yan'uwanta suka zo daga Kudan suka tafi da ita. Kai Sadisu aka riƙe ka tun ranar, ke Bilkisu ana yaye ki aka karɓo ki. Iya ta ce jinin ɗanta ba zai tashi a hannun mai wannan sakaci ba, kuma ni aka ba riƙonku. Na ciyar da ku, na sa ku makaranta, na aurar da ku, duk Makarfi ana yabona. Duk lokacin da kuka tambayi me ya sa ba ku zuwa Kudan sai da salla, in ce haka manya suka tsara. Iya ta rasu da wannan imani a zuciyarta, kuma ni na bar ta ta rasu da shi. Janaretan ba a ƙara tayar da shi ba, kun san shi, ku ne kuke wucewa da gudu ta gaban rumfar in an kai ku Gazara.

Daminar bara, da jikina ya fara gaya mini abin da likita bai faɗa ba, na hau mota na tafi Kudan. Na same ta a gidan ɗan yayanta, a zaune a kan tabarma tana tsince wake. Ta tsufa fiye da shekarunta. Muka gaisa gaisuwa mai tsawo, ta tambayi lafiyarku ɗaya bayan ɗaya da 'ya'yanku da sunayensu, har da waɗanda ba ta taɓa gani ba. Sannan na faɗa mata duka, kamar yadda na rubuta a nan, sanda da makunni da testa da filaya. A hanya na yi ta hango yadda za ta yi, ko ta yi kuka ko ta tsine mini, amma dai nauyi ya sauka daga kanta. Ba ta yi ko ɗaya ba. Hannunta ya tsaya a cikin waken.

“Wato ruwan nan shi ke tsare shi,” in ji ta.

Na ce shi ne.

“Kullum in na ɗauko bokitin sai na tsaya a bakin katangar nan. Ya fi kusa, ga nauyi, ga goyo, kuma babu mai ganina. Kullum hannuna yana so ya zuba. Sai in ce a'a, mijina ya hana.” Ta ɗago ta dube ni. “Ashe da na yi masa taurin kai, da yana nan.”

Na ce mata kada ta faɗi haka, laifin nawa ne ni kaɗai, ita ta tambaye ni na rufe mata baki.

“Na ji, Malam Ɗanlami. Amma shekara ashirin da ɗoriya abu ɗaya nake riƙe da shi, cewa babu abin da na yi kuma babu abin da zan iya yi. Da shi nake tashi in ci abinci. Yau ka zo ka karɓe.”

Na sauka daga kan kujera na durƙusa a gabanta na ce ta yafe mini don Allah. Ta ce ta ji, za ta duba zuciyarta, ba za ta faɗi abin da bai kai ciki ba don kawai na tsufa. Abu ɗaya ta nema, in rubuta da hannuna, ku karanta da idonku, kada ku ji a bakin wani. Ta tattara wakenta ta shiga ɗaki, domin an kira la'asar.

Ga shi na rubuta. Ku je Kudan ba sai salla ba, ku kai mata yaran ta gan su, kuma in kun je kada ku roƙa mini komai a wurinta. Har yau ba ta aiko da amsa ba, ni kuma ba ni da bakin tambaya.